Furogiram ɗin da Ruwan Hanyar Lau Ya Wanke

Makullin ya yi makonni a kan teburina ban taɓa shi ba. Madam ce ta ajiye shi da hannunta, wato shugabar ofishinmu, 'yar Jukun daga kudancin jiha, mace mai kirki da saurin yanke magana. Ofishin na wani shirin bunƙasa noma ne, a shekarun da Jalingo take koyon zama babban birnin jiha, ko'ina ka duba bulo ne da yashi. Makullin kuwa na ɗakin da ke ƙarshen baranda ne, mai kafet da fanka da kujera mai juyi. Ƙarin girma aka yi niyyar yi mini, a mai da ni ɓangaren mulki in riƙa sa hannu a takardun hutu da na man mota.

“Malam,” in ji ta da Hausarta ta Wukari, “wannan sabon mashin ba irin naka ba ne. In ka iya shi kafin baƙi su zo, ka zauna. In ba ka iya ba, kujera yana jiranka, mu kawo wani daga Jos.”

Mashin ɗin da take nufi sabuwar kwamfutar ofis ce, baƙin kuwa waɗanda suka ba da ita ne. Ita a ganinta alheri ta yi mini. Ni kuwa ji na yi kamar an ce in bar gidanmu. Ba na son kafet. Abin da nake so a duniyar aiki shi ne ɗan ɗakin nan mai sanyi, da ƙugin kwamfuta, da yatsuna a kan kibod. Shekaruna sun haura arba'in a lokacin, kusan rabinsu kuma a kan rubuta furogiram na ƙare su, yawanci a Kaduna kafin a ƙirƙiro jiha in dawo gida.

A Kaduna da yaren COBOL muke aiki, kuma a zamanin da na fara ba ka ma ganin injin. A takarda za ka rubuta furogiram ɗinka tun daga farko har ƙarshe, ka miƙa ta wata 'yar taga, ka tafi gida. Washegari a miƙo maka sakamako. In ka yi kuskure ko na ɗigo ɗaya ne, an ci kwana guda ke nan, kuma a bainar jama'a ake ajiye takardun, kowa ya zo wucewa sai ya ɗaga ya ga wautarka. Saboda haka muka koyi bin furogiram da yatsa, layi bayan layi, muna zama injin da kanmu kafin injin ya gani. A wannan fanni ban da na biyu. Abokan aiki suna yi mini kirari da cewa harbina ɗaya ne, ni kuma ina jin daɗin kirarin fiye da yadda ya kamata.

To sai ga sabuwar kwamfuta ta zo Jalingo cikin kwalaye. Wanda ya kawo ta ya haɗa wayoyi, ya sha lemo, ya kama hanyar Yola. Ba COBOL a cikinta ko ƙamshinsa. Yaren da ya bar mana shi ne wani wai shi Perl, tare da littafin koyonsa da aka yi wa hoto a injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa. Aikin da ake so kuwa a bayyane yake. Malaman gona na ƙauyuka suna aiko da bayanan ruwan sama da na amfanin gona a kan faya-fayen kwamfuta, ana so a tattara su wuri guda, kowace ƙaramar hukuma da nata, baƙin da suka ba da injin su gani.

Ranar da na buɗe littafin nan raina ya ɓaci. COBOL yare ne mai ladabi. Kafin ka faɗi abin da ya kawo ka sai ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka faɗi inda kake zaune, ka gabatar da duk wanda ka zo da shi, kamar dai yadda ake gaisuwa a zauren manya. Shi wannan ko sallama babu. Daga shigowa sai buƙata. Ga wasu alamomi birjik kamar sawun kaji a kan jiƙaƙƙen siminti. Na ce wa matata duk wanda ya ƙirƙiro wannan abu bai sami tarbiyya ba. Ta ce to in koya masa mana, ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Haka kuwa na yi niyya. Na sayo dogayen takardu a Kasuwar Jalingo, na cika alƙalamina da shuɗiyar tawada, irin wanda nake rubutu da shi tun ina saurayi. Na zauna ina rubuta Perl yadda na saba rubuta COBOL, ina yi masa gaisuwar da bai nema ba, ina auna faɗin kowane gurbi kafin in zuba masa komai. Kwamfutar tana gefena a kunne, janareta yana shan mai dominta, ban buga mata ko harafi ba. A wurina ba a kai wa inji furogiram sai ya nuna. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, amma a lokacin ni ƙwarewa nake kiransa. Madam takan leƙo ta ga ni da tulin takardu, ta dubi makullin, ta fita.

Ana saura 'yan kwanaki baƙi su zo aka yi suna a gidan ɗan kawuna a Lau. Taubashina ne, tun muna yara ba mu haɗu mun rabu ba tare da ya tsokane ni ba. Dillalin shanu ne, bakinsa kuma ya fi sandarsa kaifi. Na gama rubutun a lokacin, saura bin sa da yatsa karo na ƙarshe, don haka na naɗe takardun na zura a aljihun ciki na farar rigata. Bayan an raɗa suna an ci tuwo, na ja gefe ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro na baje su. Kafin in ankara ya tara mini mutane, yana shaida musu cewa ɗan'uwansa ya bar boko ya koma tsibbu, duk mai son laya ta farin jini ya zo a rubuta masa da Turanci. Har wata tsohuwa ta matso tana tambaya ko ina yin ta ciwon gwiwa.

Da la'asar ya ce zai mai da ni Jalingo a kan babur ɗinsa. Hadari ya haɗo daga gabas, na nuna masa, ya ce shi da yake kwana a daji da shanu zan koya wa hadari? Wannan na mutanen wani gari ne, in ji shi. Ba mu yi nisa ba na mutanen wani garin ya sauko a kanmu. Ruwa ne irin wanda ba ka ganin abin da ke gabanka, ga hanya ba gida ba rumfa. Kafin mu sami wata 'yar rumfar masu gasa masara, ko ƙasan harshena ina jin ya jiƙe.

Na sa hannu a aljihu na ciro wani abu mai kama da dafaffen ganye. Na yi ƙoƙarin ɓare shafi ɗaya daga ɗaya, sai ya biyo yatsana. Ba sauran layi ko guda da zai karantu. Tawadar duk ta bar takarda ta bi rigata, ta ratsa singileti, ta rina mini ciki shuɗi tun daga ƙirji har cibiya. Ɗan kawuna ya duba, ya riƙe ginshiƙin rumfa don kada dariya ta kayar da shi.

“Denɗi,” ya ce, haka muke kiran juna da Fulatanci, “malaman kirki a ƙwarya suke wanke rubutu su ba mutum ya sha. Kai naka ta fata ya shiga. Ai ka gama, ba abin da zai sake cinka.”

Matan da ke gasa masara suka taya shi. Ni ban yi dariya ba. Abin da nake gani a idona makullin nan ne, da kafet, da ni a kan kujera mai juyi ina sa hannu a takardar hutun direba har ranar da zan yi ritaya. Na tsorata ƙwarai.

Washegari da safe na shiga ɗakin kwamfuta na murza makulli ta ciki. Ba lokacin sake rubutu a takarda, wannan ko ni mai taurin kai na sani. Na zauna gaban injin hannu rabbana. Na buga layi ɗaya tak, na ce ya buɗe fayil ɗin Lau ya nuna mini abin da ke ciki. Na danna.

Kuskure ne. Harbina na farko a sabon yare, ya tafi daji. Na zauna ina jiran kunyar da na sani ta rufe ni, amma ba taga, ba kwana guda, ba mai wucewa ya ɗaga takarda. Injin ya faɗi inda na yi tuntuɓe a ɗan gajeren layi, ya tsaya yana jirana. Na gyara, na sake dannawa, sai ga ruwan saman Lau yana gangarowa a fuskar kwamfuta tun daga farkon damina. Duka-duka ban kai tsawon shan kofin shayi ba.

Na ƙara layi na biyu, na gwada. Na ƙara na uku. A tsohon yare sai ka gina rumbu ka auna cikinsa kafin hatsi ya zo. A nan da na ambaci sunan gari na ce a zuba masa, sai rumbun ya tsiro da kansa, wani gari ya zo nasa ya tsiro. Na buga tebur don daɗi. Sawun kajin nan da na raina kuwa ashe su ne masu tsinto lamba daga tsakiyar dogon rubutu, ko malamin gona ya sa ta a gaba ko ya sa ta a baya. Abin mamaki, duk abin da na rubuta a takardun nan yana kaina daram, na san me ke bin me, sai dai yawancinsa gaisuwa ce da ba wanda ya nema. Can sai na tsinci kaina ina yin kuskure da gangan don kawai in ji me zai ce. Ni da ake yi wa kirari da harbi ɗaya, ga ni ina ɓarin harsashi ina ƙyaƙyata dariya ni kaɗai a ɗaki. Rabona da irin wannan farin ciki a wurin aiki tun ranar da furogiram ɗina na farko ya fito ta taga.

Da aka kira azahar na buɗe ƙofa, ban sake rufe ta ba. A gida matata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mutumin da sabulu ya kasa fitar masa da tawada daga ciki yana ta murmushi haka ba. Na ce mata yaron nan marar tarbiyya ashe abokin hira ne. Ta ce dama gemu ba ya hana ilimi, kafiya ce take hanawa, sannan ta tura mini kwanon dambu.

Ana gobe baƙi za su iso Madam ta shigo, firinta tana ta kuka tana fitar da shafuka. Ta ɗauka ta duba na Lau, ta duba na Jalingo, ta gyaɗa kai. Ta nemi ganin tulin takarduna, na ce mata ruwan hanyar Lau ya riga ta. Na nuna mata furogiram ɗin gaba ɗayansa, bai fi shafi biyu ba. Sai ta ce baƙin nan suna da son tambaya, za su iya cewa a ware musu doya daban, masara daban, shinkafa daban. Ta tambaye ni mako nawa wannan zai ci.

A Kaduna da na ce mata ta dawo wani makon, in rufe ƙofa in ɗauko alƙalami. Sai na ce ta ja kujera. Na buga layuka kaɗan tana kallon yatsuna, na danna. Injin ya ce ban yi daidai ba.

Wannan ne karo na farko a rayuwata da wani mahaluki ya tsaya a kaina ya ga furogiram ɗina ya faɗi. Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya zame a gaban surukai.

“Ya ƙi ko, Malam?”

“Ya ƙi, Madam,” na ce, dariya tana cina. “Tsaya ki ga yadda muke yi da shi.”

Na gyara, ya sake ƙi. Na sake gyarawa, na danna. Doya ta jeru gefe guda, masara ta bi bayanta, shinkafar bakin kogi ta zo ƙarshe. Madam ta sa tabarau ta matso da fuskarta har kusa da gilashin, ta bi su da yatsa kamar yadda nake bin takarduna a da.

Ba ta yaba mini ba, dama ba halinta ba ne. Ta miƙe ta gyara gyalenta, ta miƙa hannu kan teburina ta ɗauki makullin ɗakin kafet, ta jefa a jakarta. Ina jin ƙararsa lokacin da ya faɗa kan sauran makullanta. An sha ba ni abubuwa a wurin aiki na yi godiya, amma ban taɓa murna da kyauta kamar yadda na yi murna da wannan da aka karɓe ba. Tana fita na juya ga kibod, don akwai wani kuskure da nake ɗokin gwadawa.