Minti Ukun da Na Kashe a Gaisuwa

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na tsaya gaban makaɗa sittin da minti ashirin kacal a hannuna, na kuma kashe uku daga ciki wajen gaisuwa.

A unguwar Highbridge na tashi, can ƙasar Turawa, a gidan haya hawa na biyar. Mahaifina mutumin Maraɗi ne, yana da tebur a titin 125 a Harlem inda yake sayar da turare da huluna da man kaɗe. Ina 'yar shekara tara aka damƙa mini goge irin na Turawa a makarantar gwamnati, daga nan kiɗa ya shiga jinina. Da na girma sai na ce gogen bai ishe ni ba, so nake in zama mai tsayawa a gaba da siririyar sanda, mai jagorantar babbar ƙungiyar makaɗa da ake kira okestira. Shi ke ɗaga hannu a fara, ya nuna wa kowa lokacin shigarsa, ya sauke hannu a yi tsit. Dangi sun sha yi mini dariya, wai duk karatuna a kaɗa tsinke zai ƙare. Ko a jikina.

Shekarata ta farko a makarantar koyon wannan aiki ta tafi lafiya lau, don da ɗalibai sa'o'ina muke gwaji, ina zare musu ido yadda na ga dama. Tsiyar ta fara ne ranar da aka kawo mana ƙwararrun makaɗa, wasu ma sun yi jika da ni. Ina hawa dandamali na ga furfura jere a gabana, sai kaina ya sunkuya da kansa. Mu a gidanmu ba a kallon babba cikin ido, ba a nuna shi da yatsa, balle da sanda. Ga shi kuwa rabin aikin nan ido ne. Mai busa ƙaho kan daɗe zaune shiru yana ƙirge a zuci, kallonka yake jira ya shigo. Ni kuwa na kafe idona a littafin kiɗa, ina ta kaɗa sanda kamar mai korar ƙuda. Wani dattijo mai ƙaho, wanda ya girmi kowa a wurin, ya jira in dube shi, ban duba ba. Ya shigo a makare, kiɗan ya watse.

Malaminmu, wani Bature mai kaifin harshe, ya kira ni ofishinsa. Na yi masa bayanin yadda aka tarbiyyantar da mu, ina zaton zai fahimta. Sai ya tuna mini saura mako biyu a yi jarrabawar da za ta raba masu ci gaba da waɗanda za a sallama, kowa minti ashirin da makaɗan nan. Ya ce in ina son aikin, in tuɓe tarbiyyar gidanmu in ajiye a bakin ƙofa. In ba zan iya ba, in koma wa gogena can baya, inda ba mai bukatar idona.

Raina ya ɓaci matuƙa. Gyaran da ya yi mini gaskiya ne, na sani. Abin da ya ƙona ni shi ne yadda ya mai da abin da iyayena suka koya mini kamar wata ƙazanta da ake kakkaɓewa. Na fito ina cewa a raina wallahi zan ci jarrabawar nan, kuma ba abin da zan tuɓe. Ta yaya? Oho.

Da la'asar na sami Baba a teburinsa yana jera kwalaben turare, na kwashe duka na faɗa masa. Na ɗauka zai ce dama ai ya gaya mini, tunda shi ma ba son aikin yake ba. Sai ya yi murmushi.

"Ran Juma'a wa ke ba mu salla?" in ji shi. "Limamin nan ai sa'an ɗan cikina ne. Kin taɓa jin an ce ya yi rashin kunya? Ran da aka sa shi gaba, sai da ya juyo ya ce, iyayena ku gafarce ni, ba don na isa ba. Tun ran nan in ya yi kabbara kowa bi yake. Ki nemi izini, ɗiyata, sannan ki yi aikinki."

Ranar jarrabawa aka kira ni, agogo ya fara tafiya. Maimakon in hau dandamali, sai na bi cikin kujeru ina gaida manyan ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan rusunawa. Ta wutsiyar ido ina ganin malam yana duba agogonsa yana cizon leɓe. Duk da haka ban yi sauri ba. Da na hau, na ce musu a inda na fito yaro ba ya kallon babba cikin ido, ba ya nuna shi da sanda, ni kuwa yanzu duka biyun zan yi, don haka su gafarce ni, ba don na fi su sani ba. Sai dattijon nan mai ƙaho ya ce, "An ba ki. Mu je."

Na rufe littafin, don na riga na haddace shi. Na ɗaga sanda, na dubi masu goge, suka ɗauka. Da lokacin ƙaho ya zo na zuba wa dattijon ido, ya shigo daidai, sai dai ya cika ƙarfi har ya danne masu sarewa. Har yau ina zargin da gangan ya yi. Na tsayar da kowa, na nuna shi da sanda, na ce ya sassauta. Ya gyaɗa kai, muka maimaita, kiɗan ya zauna. Daɗin da na ji a lokacin ba ya faɗuwa.

Muna dab da ƙarshe malam ya ce lokaci ya cika, ko daƙiƙa bai ƙara mini ba. Bayan an tashi ya ce na zubar da minti uku a banza, kuma ya rage mini maki saboda ban kai ƙarshe ba. A karon farko na dube shi shi ma cikin ido, na ce, "Malam, ko gobe aka sake ba ni ashirin, ukun nan sai na kashe su."

Mutum huɗu aka ɗauka, ni ce ta huɗun. Ban ji kunyar zama ta ƙarshe ba, da ƙafata na shiga, kuma a yadda nake.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in aka ce al'adarka ce ta tare maka hanya, kada ka yi saurin yar da ita, koma ka tambayi masu ita. Ni dai ashe rabin tarbiyyar gidanmu na sani. An koya mini sunkuyar da kai na riƙe, ban taɓa tambayar yadda ake ɗago shi ba.