Hoton ciwon Inna

Ina cikin shagona na ɗaukar hoto a unguwar Zango, cikin Damagaram, ina gyaran hotunan wani suna, ƙanwata ta kira ni daga Zermu. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Yaya, Inna na da ciwo a nono. Tun farkon damina take ɓoye shi. Jiya na gani da na kai mata ruwan wanka. Har ya fashe."

Na ce me ya hana a faɗa mini. Ta ce Inna ta ce maruru ne, kuma a bari a gama aikin gyaɗa tukuna.

Ina da taubashiya, ƴar kawuna, likita ce a Yamai. Duk ran da na kira ta da tsokana take farawa, ta ce bawa ya tuna da uwar ɗakinsa. Ran nan da ta ji abin da ke tafe da ni, tsokanar ba ta zo ba. Ta ce a turo mata hoto. Ƙanwata ta ɗauka da ƴar salularta, abin ya fito dishi-dishi, sai duhun ɗaki.

"Ba na ganin komai a nan," in ji likitar. "Kai da ke da babbar kamara, je ka ɗauko mini mai kyau, in ga bakin ciwon da fatar da ke kewaye da shi. Ba na so a wahalar da tsohuwa a mota a banza, ba na kuma so a zauna idan abin ba na zama ba ne."

Washegari da sassafe na ɗaura jakar kamara da ƙafafunta a bayan babur na kama hanya. Ni ne ɗan farin Inna. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni in ba dole. Duk tsawon hanyar nan abin da nake juyawa ke nan: ta yaya zan tsaya a gabanta in ce ta buɗe ƙirjinta?

Na iske ta a gindin darbejiya tana tsinkar gyaɗa da hannu ɗaya, na hagun ta manne shi a jiki. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta ci gaba da aikinta ba ta ɗago ba.

"Kai, hankalinka ɗaya kuwa? Ɗa ya ga jikin uwarsa?"

Na ce to ƙanwata ta ɗauka. Muka gwada a kan ƙwaryar gyaɗa, hoton bai fito ba, ba ta taɓa riƙe kamara ba, kuma gilashin da ke ɗaukar abu na kusa ba ya yafe motsi. Sai na kawo wata dabara. Kamarar tana da manhajarta a salula. Takan buɗe wifi nata na kanta, salula ta kama, sai in ga duk abin da kamarar ke gani, in saita, in danna daga nesa. A wurin biki da ita nake turo wa mutane hotunansu nan take. Na ce zan kafa kamarar a ɗaki, in fita bayan zana.

"Ai gani za ka yi," in ji Inna.

"Zan gani, Inna. Amma ba na wurin."

Can ta karkaɗe zanenta ta miƙe. "In dai ba ka cikin ɗakin."

Na kafa kamarar tana fuskantar bakin gado, na kunna wifinta, na fita na tsuguna a bayan zana. Salula ta kama. Na buɗe manhajar, ɗan zoben nan ya fara juyawa, ya juya, ya juya, sai ta ce haɗin ya yanke. Na sake. Ya sake yankewa.

Daga ciki ƙanwata ta ce, "Yaya, ta buɗe fa. Yi sauri."

Na ce ina zuwa. Gumi ya jiƙa mini tafin hannu har salular ba ta jin yatsana sosai. Na kashe manhajar na kunna, na matso jikin katanga ko nisa ne, duk a banza. Kuma a lokacin ne na tuna batirin sauyi yana can Zango a jikin caja, na wannan kuwa rabi ne, wifi kuma shan batiri yake kamar me. Ƙauyen babu wuta. Abin da ya fi damuna ba batirin ba ne. Inna na zaune tsirara rabin jiki saboda maganata, kuma na san idan ta ja zanen nan ta rufe, ba mai sake sa ta buɗe.

Na ji muryarta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Ce masa in bai iya ba ya bari."

Na duba saman salular da kyau, sai na lura da abin da ke faruwa. Da ta kama wifin kamara ta ga babu intanet a cikinsa, sai ta sake shi ta koma laluben rezo, wato sabis ɗin waya na ƙauyen, wanda shi ma da ƙyar yake numfashi. Na kashe data gaba ɗaya. Na sake haɗawa. Zoben ya juya, sai ga bangon ɗakin Inna a tafin hannuna.

Na ce ƙanwata ta ɗaga labule haske ya shigo. Garin ɗagawa ta bugi ƙafar kamarar, sai fuskar Inna ta cika salulata. Idonta a rufe, leɓɓanta na motsi. Na kau da kai. Na ce a sunkuyar da kamarar kaɗan, a matso da ita.

Na ga ciwon. Ni ba likita ba ne, amma na sha ganin maruru. Fatar wurin ta kumbura ta yi huji-huji kamar ɓawon lemo, bakin ciwon ya kafe ya yi baƙi. Na taɓa wurin a jikin salular don kamarar ta kama shi tar, na danna. Na ji ƙarar daga cikin ɗaki. Na ce a juya ta gefe, a ɗaga hannun, na yi ta dannawa. Muryata kamar ta ranar aiki.

Saura janyo hotunan cikin salula. Manhajar takan ƙanƙantar da su in ba a hana ta ba, ni kuwa cikakku nake so, don kada likitar ta sake cewa ba ta gani. Cikakkun kuma tafiyar hawainiya suke. Na shiga ɗakin bayan Inna ta fita, na iske alamar batiri ta koma ja tana ƙiftawa. Na tsaya a kanta ina kallon layin yana cika a hankali. Mafi yawansu sun ƙetare, sannan kamarar ta mutu.

A kan wani tudu bayan gari ake samun rezo. Can na hau cikin ranar azahar na tura wa likitar, na zauna a kan dutse ina jira. Na ga alamar ta buɗe su. Ba ta rubuto komai ba. Kira ta yi.

"Ka kawo ta," ta ce. "Kada ku jira komai."

"Mene ne?"

"Ba a faɗin wannan daga hoto, ɗan'uwana. Amma ka kawo ta."

Ba ta taɓa ce mini ɗan'uwana ba sai ran nan.

Inna ba ta yi gardama ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Muka zo Damagaram aka yi gwaje-gwaje, daga nan aka tura mu Yamai, aka yi mata aiki, aka cire nonon. Ta sha magungunan da suka zubar mata da gashi, ta rame, daga baya ta fara cin abinci.

Yanzu tana wurinmu a Zango. Kullum sai ta yi ƙorafin ƙarar baburan kabu-kabu da ruwan famfo da ta ce ba ya kashe ƙishirwa. Hannun hagun yakan kumbura in ta yi aiki, amma ba ta fasa shara ba. A awon da aka yi mata na baya, likitar ta ja ni gefe ta ce akwai wani ɗan abu a hammata da suke son su sake dubawa bayan Sallah, mai yiwuwa ba komai ba ne. Ban gaya wa Inna ba tukuna. Da yake azumi ake, matata ta ce in bari a sha ruwa yau, in ta ci ta ƙoshi, sai mu shiga tare mu faɗa mata.