Aron Hannun Hagu

A shekarar da mutanen Mubi da Michika da Madagali suka gudo daga hare-haren 'yan bindiga suka cika Jimeta, ina da shekara talatin da shida, ina aikin kafinta a rumfar da mahaifina ya bar mini a unguwar Rumde. Kakanmu ne ya zo da sana'ar daga Kano. Aikin da ya fi yawa a lokacin shi ne benci da gado mara ado, domin kowane gida ya yi baƙi, wani gidan har a zaure ake kwana.

Wata rana da hantsi keke napep ya tsaya a bakin rumfar. Wata malamar firamare da na taɓa yi wa kabad ta fito, tare da wani dogon tsoho mai jan ƙafa, hannunsa na hagu a lanƙwashe a ƙirji. Mai keken ya taya ta sauke wani abu naɗe cikin bargo wanda tsayinsa ya fi nawa. Na ɗauka gawa ce. A kwanakin nan hakan ba zai zama abin mamaki ba.

Da aka warware bargon sai na ga abu kamar goge, amma ƙato, da ƙugu kamar na mutum da tsirkiya huɗu masu kauri. Wuyansa ya karye daga gindi, tsirkiyoyin ne kawai ke riƙe da shi.

Malamar ta ce, "Wannan tsohon mahaifina ne, kayan kuma nasa ne. Ya hana mu sakat tun da suka iso. Don Allah ka duba ko zai gyaru."

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Dabul bas. Ka ce bas kawai." Maganarsa na fita da ƙyar ta gefen baki.

A hankali na ji labarin. Ya yi shekaru cikin masu kiɗan badujala a Kaduna, a can ya koyi kaɗa shi, da ya yi ritaya ya koma garinsu kusa da Michika yana kaɗa wa mawaƙan coci. Ranar gudu ya ba wata mata mai ciki wurin zamansa a cikin mota, shi ya hau saman kaya ya rungume bas ɗin. Mutane sun zage shi, wai ana ta rai yana ta goge. Reshen bishiya ne ya karya wuyan a hanya. Kwana tara da isowarsu Jimeta ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ɗansa namiji tilo bai samu shiga motar ba, kuma har lokacin babu labarinsa.

Na ce zan gwada. Na ɗauko ƙusa, sai ya daka mini tsawar da ban zaci tana cikin jikinsa ba. Babu ƙusa, babu gam na gwangwani. Ya sa na nemo gam na fata wanda ake narkarwa a wuta, na fere turaku biyu na maɗaci na ɗora wuyan da su, na ɗaure da igiya na bar shi kwana uku. Akwai wani ɗan ginshiƙi da ke tsaye a cikin cikinsa, ya faɗi yana ta gangarawa. Sai da na yi kwana biyu ina zura lanƙwasasshiyar waya ta ramin gaba kafin na tsayar da shi inda tsohon ke so. Kullum yana zaune a benci yana kallon hannuna, bai taɓa cewa sannu ba.

Ranar da muka ɗora jakin da tsirkiyoyi ke hawa muka ɗaure su, ya miƙe na tallafe shi. Ya shafa ƙaro a izgar bakan, ya ja a kan tsirkiya mafi kauri. Ban ji sautin a kunne ba kamar yadda na ji shi a ƙirji da tafin ƙafa. Garin katakon da ke kan teburina har motsi ya yi. Sai ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun hagu zuwa wuyan. Hannun ya taso kaɗan ya koma. Ya sake, ya koma. Ya zauna, ni kuma na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Can ya ce, "Kafinta, wanke hannu ka zo."

Na ce, "Baba, ni ko ganga ban taɓa kaɗawa ba."

Ya ce, "Ban tambaye ka ba. Hannuna ya mutu, naka yana nan. Ka ara mini."

A gidan 'yarsa babu wurin ajiye shi, mutum sama da ashirin ke kwana a ɗaki uku. Saboda haka bas ya zauna a ɗan ɗakin ajiyar kayana, tsohon kuma yana zuwa kullum bayan sallar la'asar, mu tashi kafin magariba saboda dokar hana fita.

Abin da ya fara koya mini shi ne tsayuwa. Ba a riƙe shi da hannu, jingina shi ake yi a ƙugun hagu har ya tsaya ko an sake shi. Sannan baka. Ana kama shi ta ƙasa, tafin hannu na kallon sama kamar mai karɓar abu. Na damƙe shi na danna, sai ya yi ƙara irin ta tsohuwar ƙofa.

Ya ce, "Haka kake danna zarto?"

Na ce a'a, mahaifina yakan ce a bar zarto ya ci da kansa.

Ya ce, "To babanka ya riga ya koya maka. Saki kafaɗa. Nauyin hannu ya isa."

Kusan wata biyu ban taɓa tsirkiya da hannun hagu ba. Jan baka kawai, daga gindi zuwa ƙarshe, yana ƙirga takwas a hankali yana buga sandarsa a ƙasa. Idan bakan ya karkace ya bar tsakanin jaki da allon wuya, sai ya taɓa gwiwar hannuna da sandar. Idan sautin ya yi rawa a wurin juyawa, a sake. Na sha yin niyyar ce masa na gaji. Ni magidanci ne mai 'ya'ya uku, ga aiki na jira, ga maƙwabta na leƙowa suna dariya. Abin da ya hana ni shi ne yadda yake rufe ido idan ja ɗaya ya fita daidai.

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, Bafulatanar unguwar Makama ce a cikin garin Yola, kuma ba ta ɗaukar wargi. Labari ya kai mata cewa ɗanta ya koma ɗan goge. Ta aiko a kira ni.

Ta ce, "Gidanku ba a san su da kiɗa ba. Giya ake sha a wurin?"

Na ce, "Dada, daga ni sai tsoho mara lafiya."

Ba ta yarda ba sai da ta zo da kanta. Ta zauna a bakin rumfa da carbinta, ta saurari jan baka guda goma ko fiye. Da za ta tafi ta ce, "Wannan ai kukan saniyar da aka raba da ɗanta ne. Ba wanda zai yi rawa da shi." Ta gaishe da tsohon da Fulatanci, ya amsa. Daga ranar duk Juma'a sai ta aiko masa da kunun gyaɗa. Ba ta taɓa ce mini ta amince ba, ba ta kuma sake hana ni ba.

Hannun hagu ya fi wuya. Babban yatsa yana bayan wuyan daidai da na tsakiya, sauran a lanƙwashe kamar an riƙe gwangwanin madara. Yatsu uku ne ke aiki, manuni da na tsakiya da ƙarami, na zobe kuwa taya ƙaramin dannawa yake yi. Na ɗauka hannun kafinta ya gama yin kanta, ashe ba a wurin da tsirkiya ke ci ba. Kan yatsuna suka yi bororo suka fashe, alwala ma da zafi. Wuyan bas kuma sumul yake, babu alamar inda za a sa yatsa. Na ɗauko ma'auni da fensir na yi ɗigo-ɗigo a gefe, yadda na saba. Ya bar ni sati biyu, sannan ya lashi yatsansa ya goge su tas.

Ya ce, "Ido ya yi nasa. Yanzu kunne."

Sai ya riƙa rera matakan sauti, do, re, mi, fa, ni kuma in bi shi da murya kafin in nemi sautin da yatsa. Ban taɓa sanin cewa tazarar da ba ta kai kaurin ashana ba tana iya ɓata sauti ba. Daga baya ya koya mini zame hannu daga wuri zuwa wuri ba tare da na matse wuyan ba, da kuma kaɗa tsirkiya da gefen manuni idan an ajiye baka.

Akwai wata waƙar garinsu da ya fara koya mini bayan na iya hawa da sauka. Ni ƙasan waƙar nake kaɗawa, sautuka kaɗan masu tsawo, shi yana rera saman da harshensu. Kashi uku gare ta. Ya ce ɗansa ya iya duka, tun yana tsayawa a kan turmi don ya kai wuyan.

Muna cikin kashi na biyu ne aka yi tashin bam a Jimeta, muka yi kwanaki ba mu haɗu ba. Da ya dawo bai yi maganar ba, ni ma ban yi ba. Ya ce in fara daga jan baka.

Bayan sojoji sun buɗe hanya, mutane suka fara zuwa duba gidajensu suna dawowa da labari. Wata la'asar 'yarsa ta rako shi, abin da ba ta saba ba. Idanunta sun kumbura. Ta ja ni gefe ta ce wani maƙwabcinsu ya nuna wurin da suka binne ƙaninta a bayan gari, tun a satin farko na gudun aka kashe shi. Ta ce ta roƙi mahaifin ya zauna a gida a karɓi gaisuwa, ya ƙi.

Na durƙusa na yi masa ta'aziyya. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗauko."

Na ɗauko, na shafa ƙaro, na fara. Ya shiga da muryarsa, tana karyewa tana dawowa. 'Yarsa ta juya ta fuskanci bango. Hawaye sun hana ni ganin komai, kuma a tsakiyar kashi na biyu yatsana ya faɗi ƙasa da inda ya kamata. Ya tsaya da waƙar.

Ya ce, "Fa ɗinka ya yi ƙasa. Sake."

Na sake. Sau huɗu muka maimaita wurin har ya fita daidai, sannan ya bari muka kai ƙarshe. Ya miƙa hannun dama ya dafa cikin bas ɗin har sautin ya mutu. Ranar ce ya fara kirana ɗana maimakon kafinta.

Da damina ta kusa ya ce zai koma gida. 'Yarsa ta yi ta fama da shi, ya ce kabarin matarsa da na ɗansa suna can. Na ce zan yi wa bas akwati mai ƙarfi don hanya. Ya ce in bar wahala, can babu mai kaɗa shi, kuma gara za ta cinye. Na raka su tasha. Abin da ya faɗa mini ta tagar mota shi ne kada in bar shi kusa da bango mai zafi, kuma kada in wuce kwana biyu ban ja baka ba. Bai kai kaka ba ya rasu. Na je gaisuwa gidan 'yarsa tare da Dada.

Yanzu furfura ta fito mini. Bas yana nan a ɗakin ajiya, idan zafin Yola ya tsananta ina ajiye kwanon ruwa kusa da shi don kada katakon ya tsage. Ina kaɗawa bayan la'asar idan aiki ya bari. Na koyi wasu abubuwa daga bidiyon waya, kamar sa babban yatsa a kan tsirkiya can ƙasan wuya, wanda bai kai ga nuna mini ba. Wata ɗaliba daga Sangere da ke waƙa a cocinsu tana zuwa ranar Asabar, ta fi ni kunne nesa ba kusa ba, sai dai ba ta da haƙurin jan baka.

Kashi na uku na waƙar bai koya mini ba. Shekarun baya na roƙi 'yarsa ta rera mini saman, na ɗauka a waya, na zauna na yi ta lalube har na haɗa masa ƙasa da kaina. Ta saurara ta ce ya yi daɗi, amma ita ba ta taɓa lura da abin da bas ke yi a ƙarƙashin muryoyi ba. Akwai wuri ɗaya kusa da ƙarshe da sauti biyu duk suke shiga, wata rana in ɗauki wannan, wata rana wancan. Ban san wanda shi yake ɗauka ba, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya.