Igiyar da Na Ɗaura wa Inna

Shekarar da gero ya bushe a tsaye, ɓarin jikin Inna na dama ya shanye. Muna Tozai. Ni na dawo gida da ƴaƴana biyu bayan rasuwar mijina, sai jinya ta faɗo a kaina. Gidaje suna ta watsewa, kowa na kwasar iyalinsa ya yi kudu neman abinci. Yayana, babba a gidanmu, ya ce mu ba inda za mu. Ba ya iya tafiya da mai kwance, kuma ba zai bar uwa a kwance gari ya zage shi ba.

Malamin asibiti a Isa ya gaya mini in ana motsa jikin yana dawowa. Na riƙe maganar nan gam. A lissafina, in Inna ta taka, mu tafi da ita mu tsira gaba ɗaya.

Na ɗaura igiyar guga daga ƙofar ɗakinta zuwa rumbu. Kullum da hantsi in ɗaga ta in ɗora hannunta a kai, ita kuma ta sulale ta zauna. Ni ba ni da haƙuri, har yau ban samo shi ba.

"Inna, tashi. Jiya na ga kin ja ƙafar nan."

"Bar ni, ɗiyata," ta ce, baki a karkace. "Nan ya ishe ni."

Na ce lalaci ne, a idonta na faɗa. Da magana ta ƙi ci, na koma kan kunun dusa, wanda shi kaɗai ya rage mana. Na daina kai mata ɗaki. In ajiye ƙwarya a gindin rumbu, in zauna in naɗe hannu. Ranar farko ta wuni ba ta sha ba, ƙuda suka sha. Rana ta uku ta kama igiya. Ta faɗi, goshinta ya fashe, wallahi ban ɗaga ta ba. Tsaye nake ina ce mata saura taku huɗu. Kowane mako in ƙara wa ƙwaryar nisa, daga rumbu zuwa zaure, daga zaure zuwa gindin aduwa. Hannun ma ban bar shi ba, na sa ta matsar jiƙaƙƙen tsumma har ta yi hawaye.

Bayan wata uku ta kai rijiya da sanda, ta jawo rabin guga da kanta. Na ruga na kira Yaya ina murna kamar wawuya. Ya tsaya yana kallonta har ta shigo da ɗan tulu.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Tunda tana ɗebo ruwa, ta iya tsaron gida. Jibi za ni Gusau da ku. Wagga tahiya ba ta tsohuwa ba ce."

Na zage shi tas. Ya ce in ina so in zauna da ita, ni da ƴaƴana, mu ci dusa har ta ƙare. Na shiga wurin Inna ina kuka. Ko mamaki ba ta yi ba.

"Ni na haihe shi," ta ce. "Don mi kike tsammani nike ta kwanciya?"

Na dubi ƴaƴana, na bi Yaya. Ban sake ganinta ba, kuma ban yafe wa kaina ba. Ranar tafiya, da ƙafarta ta rako mu har bakin hanya, ba igiya, ba mai riƙe ta. Ko tuntuɓe ba ta yi ba.