Mutumin da Ya Zo Tambayar Lasisin Talabijin

Akwai wata la'asar da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, 'yar da nake goye da ita a ranar yanzu ta kusa kamo ni tsawo, amma ko yau aka ƙwanƙwasa min ƙofa a hankali sai gabana ya faɗi.

Lokacin ban daɗe da zuwa Landan ba. Maigidana likita ne, ya kama mana flat, wato sashen haya, a unguwar Edmonton, can sama a wani dogon bene na ƙaramar hukuma. Da safe zai fita, ni kuma in yini da jaririya. Ba mu da talabijin. Abin da ke ɗebe min kewa shi ne wani shirin girki da nake kallo a laptop, ba kai tsaye ba, sai bayan an gama nuna shi. Da yake ina tsoron dokar ƙasar nan, na tambayi maigidan ko muna buƙatar lasisin talabijin. Ya ce in za a kalli shiri a daidai lokacin da ake watsa shi, ko a wace tasha, ko da a waya ne, sai da lasisi. Haka ma manhajar babbar tashar ƙasar, ko tsohon shiri ne. Amma wanda aka riga aka nuna a sauran tashoshi, irin nawa, babu ruwansa da lasisi.

Ranar lokacin sanyi ne, ana ta yayyafi tun safe. Na idar da sallar la'asar ke nan aka taɓa ƙofa. Na buɗe kaɗan, ban cire sarƙar ƙofar ba. Wani Bature ne dogo cikin kwat mai ruwan toka, yana murmushi. Abin da na fara lura da shi, kwat ɗinsa da takalminsa a bushe suke ƙayau, alhali ruwa bai ɗauke ba.

Ya gaishe ni da Turanci cikin wata murya mai laushi, ya ce daga ofishin lasisin talabijin yake, zai shigo ya duba na'urar da nake kallo da ita.

Na ce, "Ba mu da talabijin."

Ya ce, "Na sani. A laptop kike kallo. Jiya kin kalli wanda aka gasa kifi. Kin tsayar da shi da yarinyar ta yi kuka, sannan kika ci gaba."

 Haka aka yi, bai rage komai ba. A lokacin na ɗauka wata na'ura gwamnati ke da ita mai ganin cikin gidajen mutane. Baƙo a ƙasar nan babu abin da ba zai yarda da shi ba. Ya ci gaba, murmushin nan bai motsa ba, ya ce in na hana shi shiga maganar za ta kai kotu, kuma na san abin da kotu ke yi wa takardun zaman mutum. Hannuna har ya kai kan sarƙar. Da ƙyar na ce masa shirin da nake kallo ba ya buƙatar lasisi, in ya so ya nuna min katinsa na aiki. Bai nuna ba. Sai ya sunkuyo daidai tsagar ƙofar, ya ce a hankali, "Mijinki ai ba yanzu zai dawo ba."

Allah ne ya kawo maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar Gana, tana hawowa da ledojin cefane. Irin Hausarsu ta zango, mace ma "kai" ake ce mata. Tun daga bakin matakala ta ɗaga murya: "Amarya, wane ne wannan? Kar ka buɗe! Na gwamnati yana da kati!"

Mutumin ya miƙe, ya kalle ta, ya kalle ni. Bai nufi matakala ba, bai nufi lif ba. Ya bi dogon barandan nan ya sha kwana, a nutse, kamar mai komawa ɗakinsa.

Hajiya ce ta kira 'yan sanda. Da maigidan ya yi waya ofishin lasisin, suka ce ba su aiko kowa ba. 'Yan sandan suka bi inda ya bi. Bayan kwanar akwai wani flat da kowa ya san babu mutum a cikinsa tun da mai shi ya rasu. Suka tarar an ɓalle makullin. Babu gado, babu labule, babu komai, sai kujera guda ɗaya da aka ajiye a gaban taga. Wata 'yar sanda ta ce in zo in duba. Da na tsaya a bayan kujerar, sai ga falona tar, ga teburin, ga laptop ɗin a buɗe, ga dardumar da na yi sallah a kai.

Ba a taɓa kama shi ba. Mun tashi daga benen kafin sanyin ya wuce, kuma har yau ban san tsawon lokacin da ya yi yana zaune a kujerar nan ba.

Abin da na koya shi ne, mugu ba ya buƙatar ɓalle ƙofar baƙo. Sunan hukuma kawai zai ambata, tsoro ya buɗe masa. Shi ya sa duk matar da ta zo sabuwa nake ce mata ta tambayi doka tun tana cikin kwanciyar hankali, don in mutum ya tsaya a bakin ƙofarki, lokacin tambaya ya wuce.