Papa Nnadi da jiragen ruwan da ba su zo ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne surukina, Papa Nnadi, a Kafanchan. Ni mutumin Fadan Kaje ne, karatuna bai yi nisa ba, kuma ban saba rubutu a jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne wata jaka da ke rataye a bayan ƙofar ɗana Ishaku.

Papa ma'aikacin reluwe ne. Iyayensa daga Gabas suka zo, amma a nan aka haife shi. Aikinsa shi ne ba wa jirgi hanya. Layin dogonmu ɗaya ne, mai zuwa da mai tafiya duk a kansa suke bi, don haka ba a sakin jirgi sai tashar gaba ta amsa cewa hanya a buɗe take, sannan a miƙa wa direba wata sandar ƙarfe. Ko fasinja sun yi ta zagi, Papa ba ya motsi. Haka yake yi da labari ma. In ka kawo masa zance da zafinsa, sai ya ce, "Surukina, tashar gaba ta amsa?"

Na daɗe ina ɗauka tsoro ne. Sai wata rana muna ɓare gyaɗa ya gaya mini dalili. Lokacin yaƙin basasa sun gudu Gabas, shi da ƙanensa Emeka. Rediyon ɓangarensu kullum cewa yake manyan ƙasashe suna bayansu, jiragen ruwa cike da makamai suna kan hanya, nasara ta kusa. Rediyon gwamnati ma yana tasa ƙaryar. Emeka ya gaskata, ya shiga soja. Papa ne ya raka shi bakin mota, har ya cire takalminsa ya ba shi.

"Ƙasashen nan idonsu na kan man da ke ƙarƙashin ƙasa ne," in ji Papa. "Jiragen ba su zo ba. Emeka ma bai dawo ba. Ni na sake shi ba sanda."

Nakan tambayi kaina me Papa zai ce yau, da rediyon ya koma aljihu. Akwai wani da ke zaune a ƙasar waje, da tuta a bayansa, yana magana ta waya, yana kiran samarin Gabas su shiga daji su ɗauki bindiga. Shi ma cewa yake manyan ƙasashe sun kusa sa baki. Yana nuna hotunan gawarwaki, ba wanda ya san inda aka ɗauke su.

Ni na shigo da muryar mutumin nan gidana. Mu ma a kudancin Kaduna mun binne namu, fushi ya cika mini ciki, in na ji wani yana zagi da ƙarfi sai in ji sanyi. Ina kunnawa a tsakar gida, ina tura wa zumuntar maza ta cocinmu. A wurina hira ce. Ishaku, wanda ya gama makaranta yana zaune ba aiki, shi kira ya ji.

Wata Lahadi bayan sujada ya haɗa kayansa a jaka, ya ce zai je Gabas wurin dangin uwarsa. Ngozi, matata, ta gane nan take cewa daji ya nufa.

"Waɗanne dangi? Kai da ko gaisuwa ba ka iya da harshensu ba."

"Mama, ai Baba da kansa ya ce gaskiya mutumin yake faɗi."

Ta juyo ta dube ni. "Baban Ishaku, ka ji ko? Kai ka kunna, kai za ka kashe."

Washegari na ja shi zuwa tasha. Ciyawa ta rufe dogo, rufin ɗakin da Papa yake zama ya yi tsatsa. A nan na ba shi labarin Emeka, wanda ban taɓa ba shi ba, na kuma ce masa ban bincika ko ɗaya daga abin da nake turawa ba.

"To, in gaskiya ne fa, Baba?"

"Ban sani ba," na ce. "Amma shi mai maganar yana can nesa. Ka kira innarka da ke kasuwanci a can, tsakiyarsu. Ka ji daga bakinta tukuna."

Da muka koma gida ya shiga ɗaki ya kira ta. Sun daɗe suna magana, da ya fito idonsa ya yi ja. Bai gaya mini abin da ta ce ba, ni ma ban tambaya ba.

Papa bai bar mana gadon gida ko gona ba, jiragen da ya yi wa hidima ma sun daina wucewa. Tambayarsa ɗaya ce ta rage mana, kuma ni da na fi kowa jin ta na fi kowa mantawa da ita. Ubangiji ya gafarta mini.

Jakar tana nan a rataye har yanzu. Amma jiya na ga Ishaku ya fito da takalminsa daga ciki, ya sa, ya bi ni gona.