Rijiya ta Talatin da Biyu

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe abin ya soma, na riƙe lokacin ne don ni mutum ce mai rubuta komai a ɗan littafi. Jama'a, wallahi ba ƙirƙira nake ba, ni abin ya faru da ni, shekarar da ruwa ya ɗauke mana bayan shuka har gero ya ƙone yana tsaye.

Ina ɗalibar kwamfuta a lokacin, an tura ni sanin makamar aiki a wani ofishin gona a Sabon Birni. Na yi makonni ina bin rijiyoyin ƙauyuka har wajen Isa, ana zura igiya ina rubuta gaba nawa ake yi kafin a taɓa ruwa. Rijiya talatin da ɗaya. Sai na rubuta 'yar manhaja mai jera su, wadda ruwanta ya fi kusa ta hau sama, don masu yasa su san inda za su fara. Zuwa ɗaya tak za su yi yankinmu, kuma Baba ya riga ya ce in ba a sami ruwa kusa ba za ya kora shanunmu kudu, alhali rabinsu ba za su kai ba.

Matsalar ita ce a kwamfutata mai tsarin Linuks kawai take tashi, ta ofis kuwa tsohuwar Windos ce, babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da manhajar ke dogara da su. Dole in dunƙule ta da duk guzurinta ta zama fayil guda, a danna ta buɗe. Kuma ba a yin wannan dunƙulewa daga nesa, sai a kan irin na'urar da za ta zauna. Shi ya sa na zauna gaban ta ofis da safen nan.

To a gidanmu akwai wata al'ada. Kafin a ɗaure kayan tafiya, mai ɗaurin yakan ɗaga murya ya ce, "Akwai wanda anka bari? Shi taho." Mun tashi mun ga ana yi, ko buhun tafiya makaranta ne. Ni da don kunya ko gaisuwa sai na yi shiri, ban san yadda aka yi ba, na ji na faɗi maganar a hankali sannan na danna maɓallin dunƙulewa.

Rubutu ya dinga gudu a allo, fankar kwamfutar ta huro mini iska, sai na ji ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Subhanallah. Na leƙa taga, sama fari fat, rana kamar ta narkar da kwano. Na koma na zauna, ina jin kamar ana sakin guga can nesa, yana tafiya, yana tafiya, bai kai ƙasa ba.

Da na buɗe manhajar, rijiya talatin da biyu. A saman jerin an rubuta Rijiyar Tumba, gaba bakwai, wani kufai tsakaninmu da Alkalawa. Ban taɓa jin sunan ba. Na duba tawa kwamfutar, talatin da ɗaya. Na bi littafina layi-layi, na warware fayil ɗin na binciki cikinsa, babu Tumba ko'ina. Na sake dunƙulewa sau uku, tana nan.

Shugaban ofishin ya leƙo ya ce, "Malama, injin naki ya hara haihuwa ne? Gobe za ni miƙa jerin. Ki goge, ko ki tsaya kanta."

Da la'asar na sami kakata Inna tana tankaɗe, na ce, "Inna, kin san wata Rijiyar Tumba?"

Rariyar ta tsaya a hannunta. "Ke 'yar boko, wa ya gaya miki wanga suna?"

"Kwamfuta."

Ta dube ni ta ce, "Kada ki goge." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ban goge ba, ko da yake na san in babu komai a wurin na cinye mana zuwan nan ɗaya. Masu yasa suka je suna gunaguni, suka tone rairayi, sai ga faifan dutse, ƙarƙashinsa bakin rijiya. Gaba bakwai cif, sai ruwa. A nan shanunmu suka sha har damina ta dawo.

Har yau wannan aiki nake, kuma har yau ban gane ba. Shawarata dai, in kuna haɗa irin wannan fayil, ku ƙirga abin da ya shiga, ku ƙirga abin da ya fito, ku kuma kula da abin da bakinku ke faɗa.

Sai bayan shekara biyu, tana jinya, na sake tambayar Inna. Ta ce, "Tumba uwata ce, ita ta sa anka gina ta. Ranar da hwari ya tashe mu daga can, ni ce mai ɗaurin kaya, ina sauri ban yi kira ba. Tun sannan rijiyar ke jiran wani na gidanmu shi kira. Ke kinka kira, ita ko ta taho."